Matajin lantarki: yana kashe ƙuma a jikin kyanwa da kare?

Tambaya: Malam, na ga ana tallan wani mataji mai aiki da batir, wai yana kashe ƙuma ba tare da magani ba. Da gaske yana aiki, kuma wutarsa ba za ta ja kyanwata ba?

Amsa: Yana aiki, amma ba kamar yadda masu talla suke zuzutawa ba. Haƙoran matajin na ƙarfe ne, kuma ƙananan batura ne suke ba su 'yar wuta kaɗan. Idan ƙuma ta shiga tsakanin haƙora biyu, jikinta ne yake haɗa wutar, sai ta sume ko ta mutu. Wutar ba ta kai ta cutar da lafiyayyar dabba ba, muddin gashinta a bushe yake. Kada ka taje jiƙaƙƙen gashi ko wurin da yake da ciwo, ka kuma nisanci ido da cikin kunne. Wasu matajan suna yin ƙara, kyanwa kuwa ba ta son abin da zai firgita ta, saboda haka ka fara kunna shi nesa da ita.

Inda matajin ya gaza shi ne, ƙumar da kake gani a jikin dabba kusan kashi 5 cikin 100 ce kacal na duk ƙumar da ke gidan. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi da suka zube a shimfiɗarta, da darduma, da tsagar ƙasa. Macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, ga shi matajin ba ya yi wa ƙwai komai, haka nan kaska da ta kafe baki a fata. Ƙumar da ta sume ma takan farfaɗo, shi ya sa nake so ka riƙa karkaɗe abin da ka tajo cikin ruwan sabulu.

Domin ka tabbatar ƙuma ce, zuba baƙin garin da ya maƙale a haƙoran a kan farar takarda mai danshi. Idan ya narke ya yi ja-ja, kashinta ne, jinin da ta sha ke nan.

Ni dai a ganina, mataji na yau da kullum mai matsattsun haƙora yana yin kusan wannan aikin. Ka wanke shimfiɗar da ruwan zafi duk mako, sannan ka nemi magani wurin likitan dabbobi. Ina roƙonka, kada ka shafa wa kyanwa maganin kare mai sinadarin permethrin, domin yana iya kashe ta.