Ɗana ya zama mai saurin hannu tun da babansa ya tafi

Anti, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan da rabuwata da mijina. Ya yi wani auren, sai a yi wata uku ko waya bai buga wa yaran ba. Babban ɗanmu shekararsa 15. Da yaro ne mai sanyin hali, yanzu abu kaɗan sai ya kai hannu. Ya fasa wa wani ɗan ajinsu baki har aka kira ni makaranta, ƙannensa ma tsoronsa suke ji. Na yi faɗa, na yi duka, sai ƙara taurin kai yake. Dangi suna cewa rashin uba ne, wai in yi aure ko in miƙa shi ga babansa. Ina mafita?

Uwa cikin damuwa

Ƴar'uwa, sannu, kin sha fama. Rashin uba yana da zafi, amma abin da ke cin ɗanki shi ne uban yana raye kuma bai neme shi ba. Yaro namiji ba kasafai yake iya cewa "an yasar da ni" ba, sai baƙin cikin ya fito ta hannu. Ga shi ɓangaren ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Ki ajiye dukan, don Allah. Duk ranar da kika doke shi, kin nuna masa cewa mai ƙarfi da hannu yake magana, gobe ƙannensa ne za su ɗanɗana.

Kada ki yi aure saboda shi, kada kuma ki tura shi inda ba a kira shi ba, zai ɗauka ke ma kin gaji da shi. Wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Amurka. Cikin waɗanda suka taso a gidaje masu rikici da talauci, kusan ɗaya bisa uku sun girma lafiya lau, kuma akasarinsu suna da wani babba guda da ya riƙe su tsakani da Allah. Ki nemo masa irin wannan, kawunsa ko wani malami da yake ganin girmansa, mai cika alkawari. Babansa kuma a sa wanda yake jin maganarsa ya roƙe shi kira ɗaya a mako.

Ki zauna da ɗanki lokacin da ya huce, ki ce fushinsa kin fahimta, amma taɓa ƙannensa ba za ki lamunta ba. Idan kin ga barcinsa ko cin abincinsa ya canja fiye da mako biyu, ko alamar shaye-shaye, ko yana zancen mutuwa, ki kai shi wajen likita ba tare da jinkiri ba.