Tambaya da Amsa: Hawan Dutsen Tubkal a Tsakiyar Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Abokan aikina sun shirya hawan dutsen Tubkal na ƙasar Maroko a watan Janairu, saboda an ce daga ƙololuwarsa ana hango tsaunukan Atlas sun yi fari fat. Ina da ƙarfin tafiya, amma ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Me zan tanada, kuma mene ne abin tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tubkal ya kai mita 4,167, babu dutsen da ya fi shi tsawo a Arewacin Afirka. Ana tashi daga ƙauyen Imlil, a yi tafiyar awa biyar zuwa shida a kwana a masaukin mahaya da ke wajen mita 3,200, washegari kafin asuba a kama hanyar ƙololuwa. Hukumomin wurin sun wajabta tafiya da ɗan jagora, kuma a hunturu ko da babu doka, ba za mu ce ka tafi ba tare da shi ba.

Sanyin ba irin wanda za ka ji a gindin dutsen ba ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6.5, wato tsakanin Imlil da ƙololuwa akwai bambancin digiri 15 ko fiye, ban da iskar da ke kaɗawa a sama. Sai dai abin da ya fi kayar da sabon mahayi guminsa ne. Ya rufta da kaya masu kauri, ya yi ta hawa har rigar ciki ta jiƙe, da ya tsaya hutawa sai jiƙon ya koma masa kamar ruwan ƙanƙara. Don haka kada auduga ta taɓa fatarka, domin tana shan gumi ta riƙe. Ka sa riga uku: ta ciki ta ulu ko zaren roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, in an tsaya ka ɗora babbar riga nan take. Safar hannu biyu, siririya da mai kauri, da hular da ta rufe kunnuwa.

Ƙafa kuwa, takalmi mai tauri wanda ya kama idon sawu, da ƙayoyin ƙarfe da ake ɗaura masa a ƙasa, waɗanda ake kira kiramfon, da gatarin ƙanƙara. Mallakar gatarin ba ta wadatar ba. Ka sa ɗan jagora ya koya maka a gangare marar haɗari yadda ake kifewa a kansa a tsayar da kai in an zame. Da kiramfon ana ɗan ware ƙafafu, in ba haka ba ƙaya ta kama wandonka ta kayar da kai. Wurin da ya fi yaudara shi ne inda dutse ya fito fili kamar a bushe yake, alhali siririyar ƙanƙara ta lulluɓe shi.

Daga mita 2,500 ciwon tsauni yana iya kama kowa, mai ƙarfi da marar ƙarfi: ciwon kai, tashin zuciya, jiri. In ya zo, kada ka ƙara hawa. In ya kai ga tangaɗi, ruɗewa ko numfashi sama-sama kana zaune, sauka kawai, ko da dare ne.

Abin da muka fi so ka riƙe shi ne sa'ar juyawa. Ranar hunturu gajera ce, kuma an fi faɗuwa a gangarowa, lokacin da cinyoyi suka mutu, hankali ya koma gida. Tun a masauki ku yanke: ƙarfe kaza in ya yi, ko saura taku ɗari mu kai, mun juya. Ka riƙe fitilar goshi da batir na ƙari ko da kana sa ran dawowa da rana. In dusar ƙanƙara mai yawa ta sauka cikin kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyarku, ku ji ta bakin ɗan jagora, domin gangaren da ya karkata digiri 30 zuwa 45 shi ya fi zaftarowa.

Tambaya: Na ji an ce in yatsu suka daskare ana goga musu dusar ƙanƙara. Gaskiya ne?

Amsa: A'a, Malama, gogawa tana ƙara lalata naman wurin. In yatsu sun yi fari, sun daina ji, ki cusa su a hammata. In an isa masauki, a tsoma su cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, ba a gasa su a wuta ba. Kada a narkar da su in akwai yiwuwar su sake daskarewa a hanya, wannan ya fi muni. Wanda ya yi ta karkarwa, sannan ya daina, maganarsa ta soma harɗewa, ba sauƙi ya samu ba, zafin jikinsa ne ya faɗi ƙasa da digiri 35 sosai. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a raba shi da ƙasa mai sanyi, a nemi agaji.

Tambaya: Ni don hoto zan hau. Wayata za ta yi aiki?

Amsa: Za ta yi, in ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, domin sanyi yana kashe batir da wuri. Gorar ruwa ma ka kife ta baki ƙasa, tunda daskarewa daga sama take farawa. Kada ka manta da baƙin tabarau: dusar ƙanƙara tana mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙona shi, kuma zafin ba ya tashi sai bayan wasu awoyi, lokacin da ka riga ka sauko.