Tambaya da Amsa: Ina Son Aikin Bin Diddigin Annoba, Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jihar Kaduna, aji uku, ina karantar ilimin ƙwayoyin cuta. Tun lokacin korona nake sha'awar aikin masu bin diddigin annoba. Baba ya so in zama likita, Allah bai nufa ba, yanzu kuma cewa yake bai ga inda wannan karatun zai kai ni ba. Ta ina ake shiga? Kuma akwai abinci a ciki?
Ɗiyarki daga Tudun Wada

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki fara faɗa wa Baba haka: likita majinyacin da ke gabansa yake dubawa, mu masu bin diddigin annoba kuwa tambayarmu ita ce me ya sa mutum goma daga layi ɗaya suka kwanta a mako ɗaya, alhali layin da ke bayansu lafiya lau.

A 2010 yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Masu bincike suka bi ƙauyuka biyu gida gida suna tambayar iyaye mata: yara nawa kika haifa, nawa suka rasu, yaushe, wace sana'a ake yi a gidan nan? Lissafi ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, kuma abin ya fi muni a gidajen da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida. Gwajin jini ya tabbatar gubar dalma ce. Kin ga aikin ke nan: tafiyar ƙafa, tambaya, sannan ƙirga.

Ƙirgan nan ne yake korar mutane da yawa. In damina ta kankama aka ce amai da gudawa ya ɓulla, abin da za a miƙo miki takarda ce mai layi layi: suna, shekaru, unguwa, ranar da ciwo ya fara, inda aka ɗebo ruwan sha. Wani ma'aikacin ya rubuta Rigasa, wani ya rubuta sunan layi kawai, wani ya bar gurbin kwanan wata fayau. Ke za ki zauna ki tsefe su har ki gano ko rijiya ɗaya ce kusa da masai, ko kuwa kurar ɗan ga-ruwa ɗaya ce ke zagaya gidajen. Saboda haka darasin ƙididdiga da 'yan ajinku ke gudu, ki rungume shi. Ki iya Excel sosai, daga baya ki taɓa manhajar ƙididdiga ta R.

Hanyar shiga yawanci digiri na biyu ce a kiwon lafiyar al'umma, ga ABU Zariya nan kusa da ke. Akwai kuma shirin NFELTP na horar da masu bin diddigin annoba, wanda aka fara a 2008 tare da ABU da Jami'ar Ibadan, shekara biyu ne, mafi yawansa a fagen aiki. Likitocin mutane da na dabbobi da masana ɗakin gwaji aka fi ɗauka, don haka ki je sashen da ke kula da shirin a ABU da kanki ki ji sharuɗɗan da suka shafi digirinki tun kafin ki gama. 'Yan wannan shirin na cikin waɗanda suka bi sawun mutanen da suka yi hulɗa da masu Ebola a Legas a 2014, har cutar ta tsaya a kan mutum 20 a faɗin Najeriya.

Batun abinci, akwai, amma ba na yin kuɗi dare ɗaya ba ne. Ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, albashin gwamnati ne. Ƙungiyoyin waje sun fi biya, sai dai kwantiragi ne, kuma da Amurka ta janye tallafi mai yawa a 2025 mutane da dama sun koma gida.

Kafin ki yanke shawara, ki yi abu ɗaya. Kowace daga ƙananan hukumomi 23 na jihar nan tana da jami'in sa ido kan cututtuka. A hutu mai zuwa ki nemi takarda daga sashenku, ki roƙi na ƙaramar hukumarku ki riƙa binsa. Za ki ga yadda ake fara gaida mai unguwa kafin a taka ƙofar kowa, da yadda uwa ke ɓoye yaro mai ƙyanda a ɗaki don kada a ce gidanta ne ya kawo. Kasancewarki mace mai jin Hausa babban jari ne, domin gidan da aka rubuta "ba shiga" ke za ki yi sallama ki wuce, abokan aikinki maza suna tsaye a zaure. Ki tafi da takalmi mara tsini da ruwan shanki. In kin dawo, ki rubuto mini abin da kika gani.