Tambaya da Amsa: Wai da gaske ruwan tafki na yin aikin esi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Wani abokina da ke karatu a Kanada ya ce min wai a Toronto da ruwan tafki ake sanyaya manyan benaye, har ma ya ce akwai inda ake ɗumama gida da lakar ƙasan teku, ni dai abin bai shige ni ba. In gaskiya ne to me ya hana mu yi da dam ɗin Tiga, ga zafi ga tsadar wuta? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya saka. Abokin nan naka bai yi maka ƙarya ba ko kaɗan. Tun 2004 ake wannan aiki a Toronto, sun shimfiɗa manyan bututai har wajen kilomita 5 cikin tafkin Ontario suna zuƙo ruwa daga zurfin mita 83, kuma ruwan can ƙasa rani da damina yana nan a kan digiri 4, sanyi ƙarara. In ya iso gari sai a bi da shi ta jikin wasu farantan ƙarfe, ta ɗaya gefen kuma ga ruwan da ya zagayo benaye ya kwaso zafi, ba sa haɗuwa, zafin ne kawai ke ratsa ƙarfen, shi kuma ruwan tafkin ya wuce abinsa ya zama ruwan famfon gari. Jami'ar Cornell a Amurka ta ma riga su, tun 2000 take yi da tafkin Cayuga, kuma wutar da take kashewa wajen sanyaya gine-gine ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100.

Maganar laka ma haka take. A garin Vaasa na ƙasar Finland, a 2008, an cusa bututai mita 3 zuwa 4 cikin lakar da ke kwance a ƙasan ruwa, don lakar tana shan zafin rana lokacin bazara ta riƙe shi har hunturu. Ɗumin ba wani mai yawa ba ne, inji ne ke tattara shi ya ɗaga, irin aikin firij ɗin gidanka dai, ka taɓa bayansa ka ji zafi, to zafin da ya zaro daga ciki ne.

Yanzu sai Tiga, kuma nan nake so ka natsu don kar gobe wani ya zo da takardar kwangila ya yaudari mutane. Sanyin nan na Toronto ba zurfi kaɗai ya kawo shi ba, hunturunsu ne. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, to in hunturu ya sanyaya ruwan saman har ya kai digiri 4 sai ya yi nauyi ya nutse, zafi ya dawo kuma mai ɗumi ya zauna a sama ya rufe shi. Mu kuwa ko a tsakiyar muku-mukun sanyi ruwanmu ba ya kusantar digiri 4, ina za a samo sanyin da za a ajiye? Ka duba tafkin Tanganyika da ke gabashin Afirka, zurfinsa ya haura mita 1,400 amma ƙasansa sama da digiri 20 yake, balle dam.

Inda ƙasashe masu zafi ke samu shi ne teku, don can ƙasa sosai ruwan sanyi ne da ke gangarowa daga yankunan ƙanƙara na can ƙurewar arewa da kudancin duniya. Wani otal a tsibirin Bora Bora da ke tekun Pasifik tun 2006 ya fara jawo shi daga zurfin wajen mita 900. Sai dai bututun akwai cin kuɗi, sai zurfin yana kusa da gaɓa kuma masu bukatar sanyin suna da yawa wuri ɗaya sannan yake biyan kansa. Kano kam ba mu da teku, ni a ganina kuɗin gara a zuba shi a sola da ginin da iska ke ratsawa.