Ta tare mana gamsheƙa, yanzu an ce in kore ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu a Tudun Wada, Zariya. Shekara biyu ke nan ɗana ya tsinto wata 'yar kwikwiya a cikin kwata bayan an ɗauke ruwa, duk ƙazuwa ta cinye ta. Na ce ya mayar, ya sa kuka, na ƙyale shi. Muka sa mata Tsintuwa. A daminar bana gamsheƙa ta shigo akurkin kaji da asuba, autata na tsugune a gefe tana wanke fuska. Karyar nan ta shiga tsakani tana haushi, macijiyar ta tofa mata dafi a ido, amma ba ta matsa ba sai da maƙwabta suka zo da sanduna. Yanzu yayan marigayi ya ce in kore ta, wai ajiye kare a gida ba kyau, kuma karen bola ba shi da amana, wata rana kanmu zai juyo. Yaya zan yi? Daga Maman yara, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Maganar cewa karen bola ba shi da amana, ni dai idona bai nuna mini haka ba. Na taɓa ɗauko wani a bayan mahauta a Samaru, waya ta nutse masa a wuya har wurin ya fara wari. Wata uku ina ajiye masa ƙanzo da romon ƙashi, ba ya ci sai na ba shi baya. In na ɗaga hannu zan gyara hula, sai ya kwanta ya runtse ido, alamar ya sha jifa. Ranar da ya fara bina har ƙofar masallaci ya tsaya daga nesa yana jira, na san ya zama ɗan gida. Shi ne daga baya ya sha sara a kafaɗa daren da aka hauro katanga za a kwance mini awaki. Da safe na same shi kwance a bakin garken, jini ya bushe a gashinsa, awakin kuwa ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Ba wani asiri a ciki. Kare yana tsare inda yake ci, inda yake kwana, da mutanen da ya san ƙanshinsu. Wanda ya taɓa kwana da yunwa a juji kuwa, in ya samu gida, riƙon da yake yi masa daban ne. Abin da ke sa kare ya juya kan mutanen gida sananne ne: duka, ɗauri a rana wuni guda, yara su riƙa tsokanarsa yana cin abinci, ko ciwo. Masu kulle kare a keji cikin duhu wai don ya yi zafi, su ke haɗa wa kansu masifa.

Batun addini, ni ba malami ba ne, ɗan abin da na ji a zaure zan faɗa. Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta, na kiwo da na gona. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukan Zazzau ya hana ajiye kare a gidajen gari, gaskiyar yayan maigidanki ke nan, kada ki raina ta. Sai dai masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Gidan marayu da ba babban namiji a ciki, ai buƙatar gadi ba ɓoyayya ba ce. Ki samu malamin unguwa wanda yayan ke ganin girmansa, ku je tare. Kada ki yi masa gardama ke kaɗai, kuma ki fara da yi masa alkawarin cewa Tsintuwa ba za ta shiga ɗaki ba, ba za ta sa baki a kwanon mutane ba, makwancinta na can gefen akurki.

Inda nake so ki fi ba ni hankalinki shi ne allura. Ba ki ambata an yi mata ba, ina zaton ba a yi ba. Cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana sai dai addu'a. Ana fara yi wa kwikwiyo rigakafi yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ke kam kin yi sa'a, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, kuɗin Keke Napep ne tsakaninku. Ki karɓi katin allurar ki adana, shi ma hujja ne a gaban yayan da maƙwabta. A ba ta maganin tsutsar ciki da na kaska. Idan kuma tsautsayi ya sa wani kare ya ciji yaro, naku ne ko na waje, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Ki ja wa ɗan naki kunne kada ya riƙa cuna ta ga mutane don a ga jarumtarta. Haushinta ya ishe ku.

Idon da aka tofa wa dafin fa? Kin ce ba ta matsa ba, amma ba ki gaya mini ko an wanke shi ba. In har yanzu yana hawaye ko ya yi fari-fari, ki nuna wa likitan ranar da kuka je allurar.