Hukuncin "tsayuwar turke" ta masu Taici ga Musulmi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, shekarata uku a Guangzhou ina turo kaya gida. Ciwon baya ya matsa mini, sai wani dattijo Basine maƙwabcina ya ja ni wurin da suke motsa jiki da sassafe. Yau wata biyu ke nan bai koya mini naushi ko ɗaya ba. Tsayuwa kawai yake sa ni, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaban ƙirji kamar na rungumi randa, minti 20 ko fiye, ya ce in bar "ci" ya sauka mara. Bayana ya yi sauƙi ƙwarai. Amma wani abokina ya ce bautar Sinawa nake yi ban sani ba, ya ce ai ko a ido ta yi kama da tsayuwar sallah. In daina ko in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara maka sauƙi, ya kuma saka wa abokinka da alheri a kan kishinsa, ko da yake ya yi gaggawar yanke hukunci.

Malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, don haka mu fara da sanin me kake yi. Sinawa suna kiran wannan tsayuwa jan-juwang, ma'anarsa tsayuwa kamar turke da aka kafa a ƙasa. Ita ce harsashin fasahohin faɗa da suke kira "na ciki", wato Taici da Shingyi da Bagwa, waɗanda suka fi dogara ga daidaita jiki da sakin gaɓoɓi fiye da ƙarfin damtse. Masu Shingyi suna da tasu tsayuwar mai suna santi, ƙafa ɗaya gaba, mafi yawan nauyi a ta baya, kuma a da ɗalibi kan daɗe a kanta kafin a nuna masa wani abu. Wang Xiangzhai, wani malamin Shingyi wanda ya rasu a 1963, ya kai abin maƙura: ya ajiye jerin motsin da ake haddacewa, ya gina makarantarsa kacokan a kan tsayuwa, daga baya ma ya koma koyar da ita ga masu neman lafiya a Beijing. Abin da suke nema a fili yake. Cinya ta yi ƙarfi, ƙashin baya ya miƙe, kafaɗa ta saki, mutum ya koyi tura ƙarfi daga tafin ƙafa zuwa hannu da jiki guda, kuma in an ture shi kada ya tafi. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san wanda ƙafarsa ta kafu shi ke kayarwa. Saboda haka dattijon nan bai cuce ka ba da ya hana ka naushi, haka tsarin nasu yake.

Wannan kuwa al'ada ce, kuma asalin al'adu halacci ne har sai dalili ya hana, saɓanin ibada wadda asalinta a tsaya sai an yi umarni. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma kowanne akwai alheri a tare da shi. Habashawa sun yi wasan mashi a cikin masallacin Annabi (SAW), ya bar su, har Nana A'isha ta kalla ta bayansa. Kasancewar abin daga waɗanda ba Musulmi ba ya fito bai haramta shi, domin ramin Handaƙ dabarar Farisawa ce da Salmanu ya kawo.

Hadisin da ya fi dacewa da tambayarka shi ne na Abu Isra'ila, wanda Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas. Annabi (SAW) yana huɗuba sai ya hango wani mutum a tsaye. Ya tambaya, aka ce Abu Isra'ila ne, ya yi bakance zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai ya ce a umarce shi ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Ka lura da yadda aka rarrabe. Azumi ibada ne, aka ce ya cika. Tsayuwa ita kaɗai ba ibada ba ce, aka ce ya bari, don ya ɗauke ta hanyar neman kusanci ga Allah alhali Allah bai sanya ta haka ba. Illar tana cikin abin da ya nufa da tsayuwar. Mai gadi yana kwana a tsaye, soja yana tsayuwa a fareti, babu wanda ya ce sun yi bidi'a. To kai ma in ka tsaya don bayanka da cinyarka, ka yi abin da ya halatta, in ma ka haɗa da niyyar samun ƙarfin ibada da neman halal, muna fata a ba ka ladan niyyar. Ranar da ka fara jin cewa tsayuwar kanta tana tsarkake ruhi ko tana kusantar da kai ga wani abin bauta, ka shiga abin da aka hana Abu Isra'ila, in abin bautar ba Allah ba ne kuwa lamarin ya wuce bidi'a.

Maganar kama da sallah ba ta da ƙarfi. Sallah niyya ce da kabbara da alƙibla da karatu, ba a tsayuwarta da gwiwa a lanƙwashe da hannu a sarari. Amma kada ka yi kuskuren da wasu 'yan'uwa ke yi da kyakkyawar niyya, su ce bari mu musuluntar da ita, su ƙirƙiro wuridi na musamman da adadi na musamman da ake yi a cikinta. Ka ambaci Allah a tsaye in ka so, ai Suratu Ali Imrana ta yabi masu ambatonsa a tsaye da zaune da kwance, sai dai kada ka ɗauka siffar tsayuwar tana ƙara wa zikirin wani abu.

Inda ake buƙatar buɗe ido shi ne wannan "ci" da dattijon ke faɗa, wanda ba shi da alaƙa da cin tuwo. Kalma ce mai faɗi a harshensu, tana nufin iska da numfashi da kuzarin jiki. Malaman faɗa da yawa in sun ce a sauke shi mara, nufinsu ka yi numfashi da ciki, ka saki ƙirji, nauyinka ya koma ƙasa. Ɗumin hannu da karkarwar cinya da ake ji a tsayuwar kuwa aikin jini ne da tsoka. Wannan babu laifi, suna ne suka ba abin da kowa ke ji a jikinsa. Amma a cikin koyarwar addinin Dao, wani addinin gargajiya na Sinawa, akwai masu ɗaukarsa wani ƙarfi da ya cika sama da ƙasa, wanda halittu suka samu daga gare shi, ana zuƙo shi daga bishiya ko rana, ana warkar da wani da shi daga nesa, har ana neman dawwama da shi. Musulmi ba ya ƙudurta wannan. Ma'aunin yana cikin hadisin Aufu ɗan Malik a Muslim, lokacin da suka tambayi Annabi (SAW) game da tofin da suke yi a jahiliyya, ya ce su bijiro masa da shi, babu laifi ga tofi matuƙar babu shirka a ciki. Bai watsar da shi duka ba, tacewa ya yi. Mu ma a gida haka muke yi da dambe da kokawa: ba mu ce motsa jikin ne matsala ba, layu da guraye da asirin da ake ɗaurawa su ne muke faɗa a kansu. In dattijon ya ce ka ƙaddara kana riƙe da ƙwallo don hannunka ya daidaita, dabarar koyarwa ce, ka yi. In ya ce ka roƙi wani abu ko ka jawo ƙarfin sama cikin jikinka, ka ce masa da ladabi kai iyakarka motsa jiki.

Wani abin da zai kwantar maka da hankali, Musulmin Sin na ƙabilar Hui sun daɗe a wannan fage. Ma Xueli na garin Luoyang shi ake jingina wa reshen Shingyi na lardin Henan, wanda ya daɗe yana yawo a tsakanin Musulmi, kuma Wang Ziping da ya rasu a 1973 Musulmi ne da duk ƙasar ta san shi da ƙarfi da gyaran ƙashi. Aikinsu ba hujja ba ne a shari'a, amma shaida ce cewa ana iya raba fasahar da aƙidar, tunda an raba.

Saura gaisuwa. Dunƙule hannu ɗaya a rufe shi da tafin ɗaya a gaban ƙirji alamar girmamawa ce ta al'ada, ban ga laifinta ba in ba a sunkuya ba. Sunkuyawa kuwa Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a; malamai sun yi saɓani tsakanin karhanci da haramci, in ya kai haddin ruku'u ka nisance shi. Wanda babu sassauci a kansa shi ne bikin karɓar almajiri na gargajiya, inda ake durƙusawa a buga goshi a ƙasa gaban malami, a kunna turare ga hotunan magabatan makarantar. Wannan haramun ne ko da an ce maka al'ada ce kawai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi inkarin zuba ƙasa a ka wajen gaida sarakuna, to ina ga goshi a ƙasa gaban hoton mamaci. In an ce ba za a koya maka na gaba ba sai da shi, ka tsaya a inda ka kai.

Ka ci gaba da tsayuwarka a kan waɗannan sharuɗɗa. Ka sallaci asuba a kan lokaci kafin ka fita, ka rufe cinyarka, kuma in mata suna wurin ka nemi gefe, kada ka yi atisayen turereniya da su. Kada gasa ta sa ka wuce ƙarfinka, domin babu cuta babu cutarwa, kuma ko a sallar dare Annabi (SAW) ya sa an kwance igiyar da Nana Zainab ke riƙewa in ta gaji. In gwiwa ta fara ciwo a cikin gaɓar kanta, ko jiri ya ɗebe ka, ka zauna, ka je likita ya duba bayan naka da kyau. Wallahu a'alam.