Habu, ga dalilin da ya sa ba mu sauke giyar Hilux ɗin Alhaji ba

Habu, jiya da la'asar ka tsare ni da tambaya ina cikin wanke hannu, na ce ka bari sai na natsu. Cewa ka yi: "Mu'allim, mai yana ɗiga tsakanin injin da giya, ko makaho ya shafa ya san sil ɗin baya ne. Me ya sa ka hana mu sauke giyabos, ka ce a sayo wani ɗan bawul da tiyo biyu?" To ga amsar a rubuce, don na lura maganar da ake yi a warsha, wato garejinmu, ƙarar kwamfaresa ke cinye rabinta.

Idonka bai yi ƙarya ba, ta sil ɗin man yake fita, wato zoben robar da ke tare mai a bayan injin. Abin da ba ka tambayi kanka ba shi ne wa ke turo shi.

Duk sanda fulogi ya ba da wuta fetur ya kama a saman fistin, wani ɗan hayaƙi yakan silale ta gefen ringi ya gangara ƙasa, can inda kiranshaf ke juyawa bisa baƙin mai. Sabon injin ma yana yin haka, balle wannan tsohon injin Hilux 22R mai lita 2.4 da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar kaya tsakanin Jidda da Makka. A cikin hayaƙin akwai fetur da bai ƙone ba, akwai tururin ruwa, akwai baƙin gawayi. In bai sami hanyar fita ba sai cikin injin ya cika da iska, kamar tukunyar da aka danne murfinta tana tafasa. Iskar nan ba ta fasa ƙarfe, wurin roba take nema: gaskit ɗin murfin sama, sil ɗin gaba, sil ɗin baya. Wani lokaci ma ka tarar ta ɗago sandar gejin mai daga mazauninta. Tururin kuma ya cakuɗu da mai ya zama wannan baƙar laka da ka taɓa kankarewa da cokali.

Motocin da can bututu kawai gare su da ya leƙo ƙasa, iskar gudu ta zuƙe hayaƙin ta watsar a titi. Tun 1961 aka fara sa wa sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya ta Amurka wannan bawul da na ce a sayo, daga baya ya game duniya. PCV ake rubutawa a kwalinsa, masu kanti a nan kuma balf al-bukhar suke ce masa. Aikinsa ya mai da hayaƙin cikin manifol, wato bututun da ke kai iska da fetur cikin silinda, a sake ƙone shi.

Hanya biyu ce, ka riƙe wannan da kyau. Tiyo ɗaya yana kawo iska mai tsabta daga gidan filtar iska zuwa murfin saman injin. Ɗayan yana kwashe ƙazamar iska daga murfin, ta cikin bawul, zuwa manifol. Cikin bawul ɗin ba komai sai ɗan ƙarfe da sifirin. In injin yana aiki a tsaye ba a taka totur ba, zuƙar manifol tana da ƙarfi, sai ta ja ƙarfen ya tsuke hanya, don hayaƙin kaɗan ne a lokacin. In mota ta ɗauki kaya tana hawan Hada za ta Ɗa'if, zuƙa ta ragu, sifirin ya buɗe hanya, daidai lokacin da hayaƙin ya fi yawa. In kuma wuta ta dawo ta kafireta, ƙarfen ya koma baya ya rufe, kada ta kai ga cikin injin. Shi ya sa ba kowane bawul da ya shiga ramin ba ne nasa. Ƙarfin sifirin da faɗin hanyar an auna su ne da girman injin. Na Jims, wato motar GMC, mai silinda takwas ba zai yi wa Hilux ba ko da sun yi kama kamar Hasan da Husaini.

Lalacewarsa iri biyu ce, kuma alamunsu ba sa kama da juna. In ya toshe, za ka ga yoyon mai ta ko'ina, ka buɗe gidan filtar iska ka tarar da mai kwance a ciki, domin hayaƙin ya rasa ƙofa ya bi ta hanyar shigowa. Abin da muka gani ke nan a motar Alhaji, kai da kanka ka ɗaga filtar tana naso. In kuwa ya maƙale a buɗe, ko tiyon ya tsage, injin zai riƙa shan iskar da ba a auna ba. Sai ya yi ta rawa a tsaye, ya mutu a danja, ka ji wani siririn fito, mai yana raguwa ba ka ga inda ya zuba ba, salansa tana ba da shuɗin hayaƙi.

Na ga ka cire bawul ɗin ka girgiza a kunne, ka ji ƙas-ƙas, ka ce lafiyarsa lau. Wanda bai yi ƙara ba dai ya mutu, babu musu. Amma wanda ya yi ƙara ba shaida ba ce, don sifirin na iya sanyi, ko toshewar tana gaba. Gwajin da na yarda da shi: injin ya yi zafi, yana aiki a tsaye, ka zare bawul daga murfi tiyonsa na jikinsa, ka ɗora babban yatsa a bakinsa. Ya kamata ya kama fatarka ka ji ɗan ƙarfen ya motsa. Na Alhaji ko gezau. Da na zare tiyon na leƙa, rana ma ba ta ratsa shi, bakin da ke jikin manifol kuma gawayi ya liƙe shi. Ka sa sabon bawul a kan wannan, ka yi aikin baban giwa.

Dalilin da ya sa nake canza su gaba ɗaya ke nan: bawul, robar da yake zama cikinta, da tiyo biyun. Zafin Jidda da zafin injin ba sa barin roba ta tsufa da mutunci. Wannan robar mazaunin ita ce mai ba da wahala. Sabuwa tana lanƙwasa a hannu, ta shekara ashirin kuwa ta bushe kamar ƙanzo. Kada ka soka mata sukudireba ka banƙare, za ta farfashe guntayen su faɗa ciki. Yi aikin injin da ɗumi-ɗumi, ka kama leɓenta da filaya mai dogon baki, ka naɗe shi ciki, ka jawo a hankali. In ka ga ta fara tsagewa, dakata. Kwance murfin saman gaba ɗaya ka kai shi kan benci, ka fitar da ita a can. Asarar gaskit ɗaya ta fi guntun roba ya toshe ragar famfon mai. Tunda murfin ya fito, juya shi ka duba farantin da ke ƙarƙashinsa, wanda ke tare feshin mai kada ya bi iska. Jiƙa shi da kananzir, ka wanke, ka busa har iska ta wuce sumul. Sabuwar robar ka shafa mata ɗan mai, ita za ta fara zama, sannan bawul.

Tiyo kuma, don Allah kada ka yanko ragowar tiyon ruwa da ke rataye a bango. Mai yana kumbura shi ya yi laushi, zuƙar manifol ta manne shi, waje lafiya ciki a rufe. A nemi wanda aka yi don mai da zuƙa. Na tashlih ma, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ban yarda ba. Ƙarfe nake saye a can, ba roba ba.

Ni ma da kuɗina na sayi wannan karatu. Shekarata ta biyu a nan Sana'iyya, unguwar makanikai, aka kawo mini wani Jims yana zubar da mai ta baya. Na sauke giya, na sa sil. Bayan sati uku mai motar ya dawo ransa a ɓace. Na zagi sil ɗin na ce jabu ne, na sake saukewa, wannan karon daga aljihuna. Da ya dawo na uku, wani dattijo ɗan Sudan da ke warshar kusa da mu ya taso da kofin shayinsa a hannu, bai ce uffan ba, ya bi tiyon da yatsa. Ashe wani ya taɓa yanke shi ya cusa noti a ciki ya ɗaure da waya, wai don injin ya daina rawa. Ya zaro notin ya ajiye mini a tafin hannu, ya koma ya zauna. Notin yana nan cikin akwatin sifanata har yau, ka sha ganinsa ba ka san labarinsa ba.

Sai dai kada ka ɗauka bawul maganin kowace cuta ne. In mun gama haɗawa za mu tayar da injin mu buɗe murfin zuba mai. Ɗan numfashi kaɗan ba laifi. In kuwa yana bulbulo hayaƙi fuf-fuf kamar murhun ɗanyen itace, to ringi sun gaji, hayaƙin ya fi ƙarfin kowane bawul. Nan sai gejin kwamfireshan: a auna kowace silinda, a ɗiga ɗan mai ta ramin fulogi a sake aunawa, in allura ta tashi sosai laifin na ringi ne. Injin dizal kuma, irin 1HZ na Land Cruiser, lissafinsa daban, manifol ɗinsa ba shi da irin wannan zuƙa. Wannan sai wata rana.

Na gaya wa Alhaji gaskiya, ban yi masa alkawarin yoyon zai tsaya ba. Sil ɗin da ya daɗe yana shan matsi yana iya riga ya mutu. Za mu canza mai da filtarsa, mu sa sabuwar filtar iska, mu daidaita kafireta don na ga alamar wani ya murɗa ta yana ɓoye matsalar, mu wanke ƙasan injin tas. Ya yi sati guda yana aikinsa ya dawo. In wurin a bushe yake, ya tsira da kuɗinsa. In yana ɗiga, mu sauke giya sau ɗaya, kuma kai za ka sa sil ɗin ina tsaye.

Gobe in kantuna sun buɗe ka tafi da tsohon bawul ɗin a hannunka, da lambar shasi a takarda. Ka sa mai kanti ya fito da nasa ku jera su a kan kanta, ka duba lambar da kaurin baki biyun. Tiyo biyun ma ka tafi da su, ba kaurinsu ɗaya ba.